Lasifika bakwai, amma allo na nuna PCM 2.0

Bashir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masana. Ina da furosesa, wato na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba shi ga lasifikoki, mai fitar da 7.1, da amfilifaya daban, lasifika bakwai da wufa guda, wato lasifikar sauti mai nauyi. Kayan da ke jone su ne na'urar Blu-ray, PlayStation 5, Apple TV, dikodar tauraron ɗan'adam, sai wata tsohuwar na'urar CD. Duk masu HDMI a bayan talabijin suke, daga talabijin kuma wayar haske, wato optika, ta zo furosesa. Sauti na fita ta dukkan lasifikokin, amma ko me na kunna allon furosesar PCM 2.0 yake nunawa, har faifan da aka rubuta Dolby TrueHD a bayansa. Ita kuwa CD ɗin shiru take ko na danna CD a rimot. Furosesar ce ta lalace ko saiti ne?

Nura Gem:
Wa alaikumus salam. Yaya Bash, wayar hasken nan ce ta cuce ka. Zare ta ka sa HDMI, magana ta ƙare.

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Nura ya yi gaskiya, amma ya yanke maganar a tsakiya.

Bashir, furosesarka lafiyarta ƙalau. Abin da ya iso gare ta shi take rubuta maka: layi biyu ake aiko mata, hagu da dama. Sautin da kake ji a lasifika bakwai ba haka ya taho daga faifan ba, ita ce ta ɗauki layi biyun ta rarraba da dabararta, ko ta Dolby Surround, ko DTS Neural:X, ko tsohon Pro Logic. Mutane da yawa sun daɗe suna sauraron wannan suna zaton 7.1 na gaske ne. Saboda haka ka fara sabawa da maɓallin da aka rubuta Info ko Status a rimot. Abu biyu yake nunawa, abin da ya shigo da abin da ake fitarwa. Na farkon shi ne alƙali a duk abin da za mu tattauna a nan.

Ita wayar haske Toshiba ce ta fito da ita a 1983, kuma sautin CD mai layi biyu aka yi ta dominsa. Ita da wayar kowaksiyal saƙo iri ɗaya suke ɗauka, wanda ake kira S/PDIF, aikin Sony da Philips, ɗaya da haske ɗaya da lantarki. Daga baya aka samu hanyar cusa Dolby Digital da DTS a cikin wannan ɗan sararin saboda matsattsu ne: Dolby Digital ba ya wuce kilobit 640 a daƙiƙa, DTS kuma wajen megabit 1.5. TrueHD kuwa yana iya kaiwa megabit 18, DTS-HD Master Audio ma ya haura 24. Babu inda za su bi. Iyakar abin da wayar haske za ta kawo maka shi ne PCM mai layi biyu, ko Dolby Digital 5.1, ko DTS 5.1.

To me ya sa ko 5.1 ɗin ba ka samu ba? Duk na'urar da aka jona ta HDMI, kafin ta aika komai sai ta tambayi wanda ke ɗaya bakin wayar abin da yake iya karɓa. Bayanin da ake amsa mata da shi sunansa EDID. Na'urar Blu-ray ɗinka talabijin ta tambaya, don ba ta ma san akwai furosesa a ɗakin ba. Talabijin mai ƙananan lasifika biyu ya ce layi biyu yake so, ita kuma ta matse komai ta ba shi layi biyu, shi ya miƙa wa furosesa. A wasu talabijin idan ka sauya saitin fitar sautin dijital daga PCM zuwa Auto ko Passthrough za su bar 5.1 ya wuce, amma rabin gyara ne.

Cikakken gyaran: kowace na'ura ta shiga furosesa ta HDMI, waya guda ta fita daga furosesa zuwa talabijin.

Abban Sadiq:
Injiniya, da girmamawa, ni ban yarda da wannan jumlar ta ƙarshe ba. Wannan tsarin da ne. Tunda eARC ya zo, wato hanyar da talabijin ke mayar da sauti ta HDMI, a bar komai a jikin talabijin, waya guda ta dawo da sauti furosesa. Rimot ɗaya, iyali ba sa ruɗewa, kuma TrueHD da Atmos duk suna wucewa. Me ya sa za a sa yaron nan ya kwance komai?

Injiniya Lawal:
Abban Sadiq, tsarinka na aiki idan sharuɗɗa uku sun cika, kuma ba mu san ko ɗaya ya cika a wurin Bashir ba. Dole talabijin yana da eARC, dole furosesa tana da shi, kuma dole talabijin ya yarda ya bar kowane irin sauti ya ratsa ta cikinsa. Na ukun nan ne ke ba da wahala. Akwai talabijin masu eARC da ba sa wuce da DTS ko kaɗan. Samsung ma tun daga ƙirar 2018 ta daina saka DTS a talabijin ɗinta. Kuma babban kaso na faya-fayan Blu-ray DTS-HD Master Audio ne a kansu. Mai irin wannan talabijin idan ya bi shawararka, ya saka faifan DTS, ko dai ya ji shiru ko na'urar ta mayar masa da shi PCM, wani lokacin ma mai layi biyu.

Ni dai ra'ayina, duk lokacin da ka sa talabijin a tsakanin na'ura da furosesa ka ƙara wani mai yanke hukunci ne a hanya, kuma shi ba don sauti aka ƙera shi ba.

Nura Gem:
Baba Injiniya, a nan kuma ni ina bayan Abban Sadiq, amma a kan PS5 kaɗai. Idan furosesar HDMI 2.0 ce, gigabit 18 kawai take ɗauka. 4K a kan hoto 120 a daƙiƙa da VRR, wato daidaita saurin hoton talabijin da na gem, sai HDMI 2.1, wanda ke kaiwa gigabit 48. Idan ya bi da PS5 ta tsohuwar furosesa ya gyara sauti ya rasa hoto. Mu 'yan gem ba ma wasa da wannan.

Injiniya Lawal:
Wannan hujja ce, na karɓa. Bashir, juya kayan ka karanto mana abin da aka rubuta a gefen kafofin HDMI, na furosesa da na talabijin.

Bashir:
Na duba, Baba. A furosesa kafar fita an rubuta ARC, kafofin shiga kuma 4K da HDCP 2.2. A talabijin kafa ta uku an rubuta eARC/ARC, sannan akwai 4K 120Hz a biyu daga ciki. Wai meye bambancin ARC da eARC ne? Na ɗauka harafi ɗaya ne kawai.

Abban Sadiq:
Harafin nan shi ne komai, ƙanena. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, kuma kusan abin da wayar haske ke ɗauka shi yake ɗauka, sai dai a kayan da yawa yana ƙarawa da Dolby Digital Plus, wanda shi ne manhajojin kallo irin su Netflix ke ɗora Atmos a kai. eARC kuwa da HDMI 2.1 ya zo a 2017, yana ɗaukar wajen megabit 37, ya ishi TrueHD da DTS-HD da PCM mai layi takwas. Idan ɗaya na da eARC ɗaya ba shi da shi, ARC suke komawa. To tunda furosesarka ARC ce, na janye shawarata a kan Blu-ray da Apple TV, ka kai su furosesa kamar yadda Injiniya ya ce.

Amma kafin nan duba ko akwai sabunta manhaja da ke jiran furosesar. Wasu na'urorin da suka fito a 2017 da 2018 daga baya aka ba su eARC ta wannan hanyar, alhali a jikin ƙarfen ARC aka rubuta. Idan ka dace, wayar da ke tsakaninsu ta zama irin wadda aka rubuta High Speed with Ethernet ko Ultra High Speed, don eARC ta waɗancan zaruruwan na Ethernet yake bi.

Bashir:
Na sabunta, eARC bai bayyana a menu ba. To PS5 fa, ina zan kai shi?

Nura Gem:
Zaɓi biyu ne, kowanne da abin da za ka bari. Ka kai shi furosesa: ka samu PCM 7.1 cikakke, hoto ya tsaya a 4K 60. Ko ka bar shi a talabijin: ka samu 120 da VRR, sauti ya dawo ta ARC a matsayin Dolby Digital 5.1. A na biyun dole ka zaɓi Dolby a saitin sautin PS5, don PCM mai layi da yawa ba ya bin ARC, layi biyu zai koma. Kuma matse sauti zuwa Dolby yana kawo ɗan jinkiri, a wasan harbi za ka iya lura. Ni da ni ne, idan wasannin labari kake yi kai shi furosesa. Idan na gasa ne ta intanet bar shi a talabijin.

Idan ka kai shi furosesa, shiga saitin sauti ka gaya masa amfilifaya ce a gabansa ba talabijin ba, ka zaɓi layi 7.1, ka bar shi a Linear PCM.

Ɗanliti:
Tsaya Nura. Ya za ka ce ya bar shi a PCM? Ai PCM ɗin ne matsalar tun farko. Ni a wurina idan allo bai rubuta Dolby ko DTS ba, an yi asara.

Injiniya Lawal:
Ɗanliti, wannan fahimtar ta yaɗu sosai, bari mu tsaya a kanta. PCM ba ƙaramin sauti ba ne. Shi ne sautin dijital a buɗe, wanda ba a matse ba. TrueHD da DTS-HD Master Audio kuwa ƙunshi ne: a ɗauki PCM a naɗe shi don ya shiga faifai, idan an kwance kuma ya dawo daidai yadda yake, ba abin da ya ragu. Tambayar kawai ita ce wa zai kwance ƙunshin. Idan ka zaɓi Bitstream a na'urar Blu-ray, ta aiko shi a naɗe, furosesa ta kwance, ta rubuta TrueHD a allo. Idan ka zaɓi PCM, na'urar ta kwance da kanta, furosesa ta rubuta Multi Ch PCM ko PCM 7.1. Abin da ya isa lasifika ɗaya ne. Abin da ya dami Bashir lambar da ke gaban PCM ɗin ce, 2.0, ba PCM ɗin ba.

Shi wasan gem ma sautinsa nan take ake haɗa shi a cikin na'urar, a matsayin PCM yake fitowa. Mayar da shi Dolby Digital rage shi ne.

Inda Bitstream ya zama dole shi ne Atmos da DTS:X na faifai. Bayanin inda kowane sauti zai tsaya a ɗaki yana cikin ƙunshin ne, idan na'urar Blu-ray ta kwance ta mayar PCM sai ya zube, a bar ka da 7.1 zalla. Sannan akwai wani tarko a na'urorin Blu-ray, saitin da ake rubutawa Secondary Audio ko BD Audio Mix. Idan yana kunne, na'urar na buƙatar gauraya ƙarar menu da sharhin darakta cikin sautin fim, don haka sai ta kwance komai, wasu ma su sake matse shi zuwa Dolby Digital ko DTS na talaka. A kashe shi.

Ɗanliti:
To Apple TV fa? Nawa kullum PCM yake nunawa ko ya na yi.

Abban Sadiq:
Haka aka yi shi. Apple TV da kansa yake kwance sauti ya aiko da PCM mai layi da yawa, Atmos kuma ya aiko shi ta wani tsari da ake kira Dolby MAT. Idan ka ga PCM 5.1 daidai ne, kada ka wahalar da kanka. Wannan ma ƙarin dalili ne da zai sa Bashir ya jona nasa kai tsaye a furosesa, don MAT da PCM 5.1 ba sa bin ARC na da.

Bashir:
Alhamdu lillahi. Na kai Blu-ray da Apple TV da dikoda da PS5 furosesa, na sa Bitstream, na kashe Secondary Audio. Info yanzu yana nuna Dolby TrueHD 7.1 a shigowa. Bambancin ba kaɗan ba ne, musamman muryar 'yan wasa a lasifikar tsakiya. Saura CD. Da wayar kowaksiyal na jona ta a kafar da aka rubuta COAX 2.

Injiniya Lawal:
Ma sha Allah. CD ɗin ma ba wuya. Sunayen da ke kan rimot, CD da DVD da GAME da sauransu, suna ne kawai, ba kafa ba. Kowane suna akwai kafar HDMI da kafar dijital da kafar analog da aka ɗaura masa, kuma kai kake da ikon sauyawa. Shiga menu ka nemi Input Assign, wasu kamfanonin Source Setup suke rubutawa. Za ka ga jadawali. Duba layin CD ka ga wace kafar dijital aka ba shi.

Bayan wannan akwai saiti na biyu ga kowane suna, wanda ke cewa ta ina za a ɗauki sauti: Auto, HDMI, Digital ko Analog. A Auto yawanci HDMI ake fara dubawa, idan babu a duba dijital, idan babu a koma analog. Idan an kulle shi a Analog kai kuma kowaksiyal ka jona, shiru za ka ji har abada.

Bashir:
Gaskiya ne. COAX 2 an ba wa CBL/SAT tun daga kamfani, CD kuma OPT 1 aka ba shi. Na sauya, ta yi magana.

Alhaji Mudi:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma a kan CD ɗin nan zan yi magana. Ɗana Bashir, idan na'urar CD ɗin mai kyau ce, ka cire kowaksiyal ka jona ta da jan da farin RCA. Da kowaksiyal ka mayar da ita abin juya faifai kawai, furosesa ce ke mayar da dijital zuwa sauti. Masu ƙera na'urar CD ta kirki a kan wannan sashen suka zuba basirarsu. Furosesa kuwa aiki goma take yi lokaci guda. Kunnena ya daɗe yana gaya mini akwai bambanci.

Injiniya Lawal:
Alhaji, barka da shigowa. Maganarka tana da tushe, amma akwai abin da ke faruwa a cikin akwatin da ya kamata Bashir ya sani kafin ya zaɓa. Duk aikin da furosesa ke yi wa sauti a dijital take yin sa: raba ƙananan sauti zuwa wufa, daidaita nisan lasifikoki, gyaran ɗaki irin na Audyssey ko Dirac ko YPAO. Idan ka ba ta analog alhali waɗannan na kunne, abin da za ta fara yi shi ne mayar da shi dijital, ta yi aikinta, ta sake mayar da shi analog da nata sashen. Wato sashen na'urar CD ɗin da kake yabo ya yi aikinsa, an rushe, an sake. Sauyi uku maimakon ɗaya.

Hanyar da analog zai wuce ba a taɓa shi ba ita ce a sa furosesar a Direct ko Pure Direct. Amma a nan gyaran ɗaki ya tafi, kuma a na'urori da yawa wufa ma ta yi shiru. Wanda lasifikokinsa na gaba manya ne kuma ɗakinsa ba ya amsa kuwwa, zai iya jin daɗin haka. Mai ƙananan lasifika da suka dogara da wufa kuwa, zai ji kiɗan ya rame.

Alhaji Mudi:
Ni a Pure Direct nake ji, kuma lasifikokina manya ne. Gyaran ɗakin nan ni ban taɓa yarda da shi a kan kiɗa ba. A fim dai to.

Abban Sadiq:
Ranka ya daɗe, ba musu nake ba, amma wanda zai gwada ya daidaita ƙarfin sautin tukuna. Na'urar CD tana fitar da wajen bolt 2 ta RCA, kuma sau da yawa kafar analog ta fi ta dijital ƙara da ɗan kaɗan. Kunne kuwa duk wanda ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi, ko da desibel ɗaya ne. Akwai saitin Source Level ko Input Trim ga kowane suna. A daidaita su, wani ya riƙa sauyawa ba tare da ka gani ba, sannan a yi hukunci.

Alhaji Mudi:
Kai dai Abban Sadiq ba ka rabuwa da awo. To na ji, amma kunnen nawa ne.

Maman Hanif:
Salam. Ku yi haƙuri zan shigo da tawa tunda maganar analog ake. Garmaho gare ni, na jona shi a kafar AUX. Sai na ƙure ƙara kafin in ji, kuma sautin siriri ne, babu nauyi sam. Allurar ce ta mutu?

Injiniya Lawal:
Hajiya, da wuya allura ce. Alamomin biyu da kika faɗa duk abu ɗaya suke nunawa. Kan allurar garmaho irin MM milibolt 3 zuwa 5 yake fitarwa, irin MC ma bai kai milibolt ɗaya ba, alhali AUX tana jiran ɗaruruwan milibolt. Shi ya sa ƙarar ta yi ƙasa. Sirantakar kuma da gangan ce: lokacin yanka faifai ana rage ƙananan sauti a ƙara na sama, bisa ma'aunin RIAA da aka tsayar a 1954, don ramin faifan kada ya yi faɗi da yawa. Dole wani ya juya wannan a lokacin saurare. Kafar da aka rubuta PHONO ita ke yin aikin biyu, ƙara ƙarfi da juya ma'aunin.

Idan furosesarki na da PHONO, can za ki kai shi, ki ɗaura siririyar wayar da ke tare da shi a dunƙulen da aka rubuta GND. Idan babu, duba bayan garmahon ko akwai ɗan makunni mai Phono da Line. In akwai, ki tura shi Line ki bar shi a AUX. In babu duka biyun, sai ƙaramar amfilifayar garmaho a tsakani. Abin da za ki kiyaye: kada ki sa shi a Line kuma ki kai shi PHONO, ƙarfin zai ninku sautin ya farfashe.

Maman Hanif:
Akwai makunnin, a Phono yake. Na tura Line, ya dawo daidai. Allah ya saka da alheri, Injiniya.

Bashir:
Baba, wata sabuwa ta ɓullo. Tunda na kai dikoda furosesa nake jin wani gurnani a lasifikoki, "huuum", ko ba a kunna komai ba. Sannan idan na kunna PS5 wani lokacin furosesa sai ta tsallake da kanta ta koma TV Audio.

Injiniya Lawal:
Na farko: zare wayar da ta taho daga farantin tauraron ɗan'adam ko eriya daga bayan dikodar, ka bar HDMI ɗin. Idan gurnanin ya ɗauke, to ƙasa biyu ne suka haɗu, wato earth na lantarki. Wayar farantin tana da nata haɗin da ƙasa, wutar gidan tana da nata, ɗan bambancin da ke tsakaninsu yana bin jikin wayoyin sauti, ka ji shi a matsayin gurnani mai hez 50 ko 60, gwargwadon wutar ƙasar da kake. Tsarin furosesa da amfilifaya daban ya fi saurin kamuwa da wannan. Magani: duk kayan su sha wuta daga soket guda, mai gyaran faranti ya haɗa ƙasan wayarsa da na gidan yadda ya kamata. Akwai 'yar na'urar rabewa da ake sawa a wayar eriya, amma ta eriya ko kebul ba ta yi wa faranti, domin dikoda tana tura wuta zuwa kan farantin ta wannan wayar. Idan furosesar da amfilifayar duk suna da kafofin XLR, yi amfani da su a tsakaninsu, an yi su ne don kore irin wannan hayaniyar.

Abin da ba za ka yi ba ko wa ya ba ka shawara: karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya. Gurnanin zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen, kai ne hanyarta.

Nura Gem:
Na biyun kuma CEC ne. Shi ne ke sa na'urori suna ba juna umarni ta HDMI. Kowane kamfani da sunan da ya sa masa: Anynet+ a Samsung, Bravia Sync a Sony, SimpLink a LG, Viera Link a Panasonic, a furosesa kuma yawanci HDMI Control. Talabijin na tashi sai ya sanar cewa shi ne mai sauti, furosesa ta bi shi. Ni kashe shi nake gaba ɗaya.

Abban Sadiq:
Idan ya kashe gaba ɗaya ARC ya mutu, Nura, don ARC na da a kan CEC yake tafiya. eARC ne ba ya buƙatarsa. Bashir, kana kallon wani abu daga manhajojin cikin talabijin ɗin?

Bashir:
YouTube kawai, shi ma yanzu ta Apple TV nake kallo.

Abban Sadiq:
To kai ba ka buƙatar ARC ma. Ko dai ka nemi saitin TV Audio Switching a furosesa ka kashe shi kaɗai, ko ka kashe CEC duka, ka mayar da wayar hasken nan da Nura ya kora ta riƙa kawo sautin talabijin kawai, ka ɗaura OPT 1 a sunan TV Audio. Dolby Digital 5.1 ya ishi wannan aikin, kuma ita ba ta ba kowa umarni.

Nura Gem:
Wato dai wayar ta dawo ta taga. Na sallama.

Ɗanliti:
Ni tawa baki ne ba ya haɗuwa da magana a dikoda kaɗai, sauran lafiya.

Injiniya Lawal:
Nemi saitin Audio Delay, wato jinkirin sauti, kuma a yawancin furosesa kowane suna yana riƙe nasa. Idan magana ta riga baki, ƙara jinkirin a sunan dikodar kaɗai, milisakan 20 bayan 20 har su haɗu. Idan baki ne ya riga magana, jinkiri ba zai gyara ba, sai ka duba ko dikodar tana da nata jinkirin a kunne ka mayar da shi sifili.

Bashir:
Gurnanin daga wayar faranti ne, zan kira mai gyara. CEC na kashe, tsallaken ya daina. Tambaya ta ƙarshe don Allah: na ja lasifika biyu zuwa wani ɗaki ta Zone 2, rediyon cikin furosesa na fita can, amma CD ba ta fita.

Injiniya Lawal:
Furosesa da yawa, musamman na da, analog kaɗai suke turawa Zone 2, wasu su ƙara da PCM mai layi biyu. Ka bar kowaksiyal ɗin a inda take, ka ƙara jan da farin RCA daga na'urar CD zuwa kafar analog, ka ɗaura duka biyun a sunan CD, saitin ya zauna a Auto. Babban ɗaki zai ɗauki dijital, Zone 2 ya ɗauki analog.

Alhaji Mudi:
Kuma tunda wayoyin biyu za su kasance a jone, ɗana, ka sauya saitin zuwa Analog wata rana, ka sa Pure Direct, ka saurara da kanka. Ka daidaita ƙarar tukuna don kada Abban Sadiq ya ce mun yi maguɗi.